Tushen Ladubban Koriyawa a Tarihin Birnin Seul

Baƙon da ya sauka a birnin Seul yakan tarar da al'adu uku tun ranar farko: sunkuyawa wajen gaisuwa, miƙa abu da hannu biyu, da tambayar shekarun mutum daga haɗuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa waɗannan ladubba gado ne na wani tsarin mulki da ya shuɗe.

A shekarar 1392 Janar Yi Songgye ya kafa daular Joson, kuma a 1394 ya mai da fadarsa Hanyang, wato Seul ta yanzu. Daular ta rage ikon addinin Buda, ta ɗauki koyarwar Konfushiyas a matsayin aƙidar hukuma. Koyarwar ta ginu ne a kan dangantaka biyar: sarki da bafade, uba da ɗa, miji da mata, babba da yaro, sa'an nan aboki da aboki. Huɗu daga cikinsu na sama da na ƙasa ne.

An rubuta aƙidar har a jikin ganuwar da aka gina a 1396. Sunan ƙofar gabas ya ƙunshi kalmar jinƙai, na ƙofar yamma adalci, na ƙofar kudu, Sungnyemun, ladabi. Japanawa 'yan mulkin mallaka sun rushe ta yamma a 1915. Ta kudu kuwa an cinna mata wuta a 2008, aka kammala gyaranta a 2013.

Gyare-gyaren 1894 sun soke bauta da darajojin gado, amma harshe bai saki tsohon tsari ba. Ƙarshen aikatau a Koriyanci yana sauyawa gwargwadon matsayin wanda ake yi wa magana. Akwai jondaemal, maganar girmamawa, da banmal, wadda ake yi wa tsara ko yaro. Saboda haka mai magana ba zai kammala jimla ba sai ya san wane ne babba. Dalilin tambayar shekaru ke nan, ba shisshigi ba ne.

Haka abin yake a jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe layinsa na farko ranar 15 ga Agusta, 1974. A ƙarshen kowane tarago akwai kujerun tsofaffi da naƙasassu da masu juna biyu, kuma matasa sukan bar su ko da babu kowa a kai. Baƙon da ya zauna a can zai sha harara. Tun 1984 mai shekara 65 zuwa sama ba ya biyan kuɗin jirgin.

Sai dai zamani ya fara girgiza tsarin. A watan Yuni na 2023 doka ta jingine tsohon lissafi, wanda yake ba jariri shekara ɗaya ranar haihuwa, ya ƙara masa wata a farkon kowace sabuwar shekara. A ƙarshen 2024 kuma masu shekara 65 zuwa sama suka kai kashi 20 cikin 100 na jama'ar Koriya ta Kudu, aka ƙara zafafa muhawara a kan wanda zai ɗauki nauyin tafiyarsu ta kyauta. Girmama babba bai yi wa hukuma nauyi ba lokacin da tsofaffi ba su da yawa. Ko zai ɗore yanzu da suka yawaita, wannan ita ce tambayar da ke gaban Koriyawa.