Takoma Park: Garin da Iyaka Ta Raba Fiye da Shekara Ɗari

A arewa maso gabashin birnin Washington na Amurka akwai wani ƙaramin gari mai suna Takoma Park, a cikin jihar Maryland, mai mutane wajen dubu 17. Duk ƙanƙantarsa, ya yi shekara 107 yana da magajin gari ɗaya amma yana ƙarƙashin gundumomi biyu. Dalili kuwa shi ne iyakokin sun riga garin zuwa.

An kafa gundumar Prince George's a 1696, ta Montgomery kuma a 1776. A 1791 aka soma shata iyakar babban birnin tarayya, murabba'i mai mil goma a kowane gefe, aka kakkafa duwatsu 40 a matsayin alama. Andrew Ellicott ne ya jagoranci aikin, Benjamin Banneker, baƙar fata masanin taurari, ya taya shi a farkonsa. Titin Eastern Avenue na yau a kan wannan layi yake kwance.

Sai a 1883 wani dillalin filaye, Benjamin Franklin Gilbert, ya sayi fili a bakin layin dogo na kamfanin Baltimore and Ohio. Abin da ya tallata wa ma'aikatan gwamnati shi ne tudu mai iska da ruwa mai tsabta, nesa da fadamar Washington, ga jirgin ƙasa da zai kai mutum ofis ya dawo da shi. Gidajen suka bi tasha, ba su bi taswirar hukuma ba. Da aka ba wa ɓangaren Maryland matsayin gari a 1890, unguwar da ke cikin Washington ta tsaya a waje, shi kansa garin kuma layin gundumomin biyu ya ratsa shi.

A Maryland wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gunduma ce ke riƙe da makarantun gwamnati, tana karɓar harajin gidaje, tana kuma da hannu a tsarin gine-gine. Saboda haka maƙwabta biyu masu zaɓen magajin gari ɗaya sukan aika 'ya'yansu makarantun hukumomi daban, su biya haraji daban.

Hanyoyi ma sun kusa raba garin. Manyan tituna irin su New Hampshire Avenue da University Boulevard suna ɗauke da motoci ta gefensa, rafin Sligo Creek kuma yana ratsa cikinsa. A 1964 hukumomi suka fito da shirin shimfiɗa babbar hanya mai suna North Central Freeway, wadda za ta rushe ɗaruruwan gidaje. Mazauna garin, da Sammie Abbott a kan gaba, suka haɗa kai da unguwannin baƙaƙen fata na Washington waɗanda su ma hanyar za ta cinye. Aka yi watsi da shirin a shekarun 1970, sannan a 1978 aka buɗe tashar jirgin Metro ta Takoma a kan tsohon layin dogon. Abbott ya zama magajin gari a 1980.

Waɗanda suka tare babbar hanya sai suka juya kan iyakar gunduma. An daɗe ana kai ruwa rana, domin babu gundumar da ke son rasa masu biyan haraji. Daga bisani majalisar dokokin jihar ta amince a tambayi jama'a. A ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamba 1995 suka zaɓi haɗewa a ƙarƙashin Montgomery, ranar 1 ga Yuli 1997 kuma aka matsar da layin.

Iyakar Washington da Maryland dai tana nan inda aka shata ta tun farko, domin ba ta cikin abin da majalisar Maryland ke da ikon taɓawa. Shi ya sa tashar da garin ya tsiro a bakinta take cikin Washington har yau, mazaunin Takoma Park kuma sai ya tsallaka Eastern Avenue, ya fita daga jiharsa, kafin ya hau jirgi.