Birnin Kudu: Tsohon Gari da Duwatsunsa

Duk wanda ya saba bin hanyar mota daga Kano ta Wudil zuwa Bauci ya san Birnin Kudu, amma sanin da yawancin matafiya suka yi masa sanin tasha ne: a tsaya a sha mai, a yi salla, a sayi abin taɓawa, a wuce. Ɗalibai sun san shi saboda Kwalejin Gwamnati, wadda ta yaye mutane da dama, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote. Mutanen Gwaram da Dingaya da Buji kuwa sun fi zuwa saboda kasuwa da babban asibitin Tarayya. Kaɗan ne suke ratsewa daga kwalta su shiga tsohon gari, kaɗan daga cikinsu kuma suke hawa duwatsun da ke gefensa. Alhali a kan waɗannan duwatsu akwai shaidar zaman mutane wadda ta girmi duk wani rubutaccen tarihi na ƙasar Kano.

Sunan garin ma shaida ne. A wurin Bahaushe ba kowane gari ake kira birni ba, sai wanda aka kewaye da ganuwa, yana da ƙofofi da sarki da kasuwa, mutanen ƙauyuka kuma suna fakewa a cikinsa idan yaƙi ya taso. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, aka kuma buga Hausarsa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambaci Kudu a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452. An ce sarkin ya fita da yaƙi ya sauka a Kudu har shekara guda da wata shida, sa'an nan ya koma gida, ya bar Galadima Dauda yana kai hari ƙasashen da ke gaba, yana aiko da bayi dubu duk bayan wata biyu. Masana suna ɗauka wannan Kudu shi ne Birnin Kudu. Ko da an rage wani abu daga lissafin bayin, tun da marubutan sarakuna ba su cika yin rowar adadi ba, akwai abin lura a nan. Sarki ba ya zaunar da runduna shekara da rabi a inda babu ruwa, babu hatsi, babu mafaka. Watau tun ƙarni na 15 wurin ya riga ya zama gari mai ƙarfi, kuma ƙofar Kano ce ta fuskar kudu maso gabas.

Amma duwatsun sun riga birnin. A 1954 aka kai rahoton zane-zanen da ke jikinsu ga Sashen Kayan Tarihi, Bernard Fagg kuma, wanda ya kafa Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, ya zo ya bincika su. A littattafan Turawa akan ce a lokacin aka "gano" su. Kalmar tana da ban dariya, domin yaran garin da makiyaya sun daɗe suna shan inuwa a ƙarƙashinsu, kowane dutse kuma da sunansa na Hausa: Dutsen Mesa, Dutsen Habude, Dutsen Murufu. Abin da Fagg ya yi shi ne ya auna su, ya kwafe su, ya kai labarinsu taron masana tarihin Afirka na dā da aka yi a Livingstone a 1955. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, sai dai ba shi ne ganowa ba.

Zane-zanen, mafi yawansu da jan launi, shanu suke nunawa. Duk ɗan ƙauyen da ya tsaya ya dube su da kyau zai ga abin da baƙo daga birni zai iya tsallakewa: shanun ba su da tozo. Bunaji da Rahaji da Bokoloji, watau shanun da Fulani suke kiwo a wannan ƙasa, duka masu tozo ne. Waɗanda ke jikin dutsen kuwa gadon bayansu miƙe yake, waɗansu da dogayen ƙahoni, waɗansu da gajeru irin na muturu. An tabbata cewa shanu marasa tozo su ne suka fara yaɗuwa a Afirka, masu tozo asalinsu daga Asiya ne, daga baya suka shigo. Irin na farko har yanzu akwai su, kamar kuri na bakin Tafkin Cadi da muturu na kurmi, amma sun bar tsakiyar ƙasar Hausa. Su ne kuma ake gani a zane-zanen duwatsun Tassili a cikin Sahara, na zamanin da hamada take da ciyawa da ruwa. Saboda haka wanda ya yi zanen Dutsen Mesa ya rayu ne a lokacin da garken wannan ƙasa ya bambanta da na yanzu. Bai bar suna ba, bai bar rubutu ba, amma ya zana dabbar da ya sani sosai, har gadon bayan saniyarsa ya zama hujja ga masu bincike. Akwai irin waɗannan zane-zane a Shira da Geji a Jihar Bauci, abin da ke nuna cewa ba aikin mutum ɗaya ba ne ko gari ɗaya.

Abu na biyu da Fagg ya lura da shi a 1955 shi ne duwatsu masu amo. Waɗansu fale-falen duwatsu ne da suka ɓalle daga uwarsu suka kwanta a kan waɗansu, ta yadda idan aka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. A gefensu akwai gurabe masu santsi, inda bugu na shekaru masu yawa ya ci dutsen, kowane gurbi da muryarsa. Bayan da ya buga labarinsu a 1956 sai aka shiga samun irinsu a wurare da dama a Nijeriya da sauran ƙasashen Afirka, har ya zama duk mai rubutu a kan wannan fanni sai ya ambaci Birnin Kudu. Ya kuma rubuta cewa a zamaninsa amare sukan je Dutsen Murufu da ƙawayensu kafin a kai su ɗaki. Ashe dutsen bai mutu tare da masu zanen ba. Al'umma bayan al'umma ta ci gaba da yi masa wani amfani nata.

Zamanin da ya fi barin tabo a zukatan mutanen wannan yanki shi ne ƙarni na 19. Wajen 1846 Malam Hamza da waɗansu malamai suka bar Tsakuwa saboda saɓani da hukumar Kano a kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kan Butawa da Warjawa da maƙwabtansu. Daga nan har zuwan Turawa, Ningawa suka yi ta kai hari kudancin Kano, musamman a zamanin Ɗan Maje, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi (1855 zuwa 1882) kuma ya sha fita yaƙi da su. Ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram su ne bakin daga. A irin wannan hali ganuwa ba ado ba ce. Manomi yana noma yana duban daji, da yamma a shigo da dabbobi a rufe ƙofa. Wanda ya fahimci haka zai gane dalilin da ya sa tsofaffin garuruwan yankin suke a cunkushe, lunguna a matse, gida jikin gida.

A nan kwatance da wata ƙasa zai yi amfani. A ƙasar Holan akwai wani ɗan gari mai suna Elburg, a lardin Gelderland. Tsakanin 1392 da 1396, watau zamanin da Kanajeji yake sarautar Kano, aka sake gina shi a kan tsari mai kusurwa huɗu, tituna a miƙe, aka kewaye shi da bango da gwalalo. Garin masunta ne da 'yan kasuwa. Da aka zo shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa a ƙarni na 19 sai ta bi ta nesa da shi. A 1932 aka datse tekun da suke kamun kifi a ciki, a 1957 kuma aka janye ruwan da ke gabansu aka mai da wurin gonaki, sana'ar ta mutu. Amma rashin arzikin nan shi ya tsare garin, domin babu mai kuɗin rushe tsohon gida ya gina sabo. Da dokar kayan tarihi ta 1961 ta ba gwamnati ikon kare tsakiyar gari gaba ɗaya, ba gini ɗai-ɗai kaɗai ba, sai Elburg ya sami abin da zai nuna. Baƙi suna shiga ta tsohuwar Ƙofar Kifi, suna zaga ganuwa a ƙafa, mutanen gari suna cin abinci da haka.

Wanda ya ga irin wannan yakan yi saurin zargin Hausawa da sakaci. Zargin bai cika adalci ba. Bangon Elburg na jan bulo ne gasasshe, ko an yi banza da shi shekara ɗari yana nan tsaye. Ganuwar ƙasar Hausa kuwa da jar ƙasa da tubali aka yi ta, kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai sarki ya sa an yi gayya an yi mata yaɓe. Watau ganuwa aiki ce da ake maimaitawa, ran da aka daina kuwa ta fara narkewa. Da Turawa suka ci Kano a 1903, hare-hare suka ƙare, sai dalilin gayyar ya kau, mutane suka fita waje suka yi gidaje kusa da gonakinsu, masu gini kuma suka mai da ganuwa wurin ɗibar ƙasa. Ko badalar Kano, wadda Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, take kuma gaban idon hukuma, ba ta tsira ba, balle ta garuruwan gefe.

Abin da ya kamata a ara daga Holan shi ne fahimtar cewa tsarin gari shi kansa kayan tarihi ne. Ko ganuwa ta faɗi, ana iya sanin inda ta bi, da inda kowace ƙofa take, da sunayen unguwanni, da wurin marina da maƙera da tsohuwar kasuwa. Waɗannan suna cikin kawunan dattawa, kowace shekara kuma ana binne waɗansu daga cikinsu. Rubuta su ba ya bukatar kwangila. Malamin tarihi ɗaya da ɗalibansa, da izinin hakimi, za su iya zana taswirar tsohon Birnin Kudu ko Gwaram Tsohuwa a hutu guda, su kuma ɗauki maganar tsofaffin Dingaya a kan abin da kakanninsu suka ba su labari na zamanin Ningawa.

Duwatsun kuwa ba su neman yaɓe, a ƙyale su kawai suke bukata. Doka ma tana tare da su, tun daga dokar kayan tarihi ta 1953 har zuwa ta 1979 wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, an kuma sa zane-zanen Birnin Kudu cikin jerin kayan tarihin ƙasa. Sai dai takardar da ke Abuja ba ta hana hayaƙin wutar mafarauci, ko yaron da ya zo da gawayi zai rubuta sunansa, ko mai ɗaukar hoto da zai watsa wa zane ruwa don launi ya fito, ko mai fasa dutse da ya sami izini daga ofishin da bai san abin da ke wurin ba. Wannan na ƙarshe ya fi shafar ma'aikata, domin tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 takardun filaye na yankin a Dutse da sakatariyar ƙaramar hukuma ake sa musu hannu. Akwai kuma masu ƙyamar wurin, suna cewa kayan maguzanci ne. Ya kamata su tuna cewa malamin da ya rubuta Tarihin Kano Musulmi ne, da Larabci ya rubuta, amma da labarin Barbushe da Tsumburbura ya buɗe littafinsa, domin ya san ba a fara ba da labarin gari daga tsakiya. Gurbin da ke jikin dutse mai amo sai da hannuwa masu yawa suka yi shekaru suna bugu kafin ya samu, nakiyar masu fasa dutse kuwa da safiya ɗaya za ta mai da shi tsakuwar kwalta.