Holan da Kokawarta da Teku

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da matakin ruwan teku. Mutanen farko a yankin Friesland tuddai suke tarawa, su gina gidajensu a kai. Daga baya aka koma gina ganuwar tare ruwa, kuma tun ƙarni na 13 manoma suka kafa majalisun kula da ita, kowa da rabonsa na gyara. Injinan iska suka riƙa kwashe ruwan fadamu, ana nomawa.

Ambaliyar 1953 ta kashe mutum 1,836, abin da ya sa aka gina manyan madatsun Delta. Ganuwa kaɗai dai ba ta wadatar ba: daga 2007 an ja wasu baya, aka bar wa koguna filin malala.