Hasken Da Tsuntsaye Ke Gani, Ɗan Adam Ba Ya Gani

Bakan gizo a idon ɗan Adam yana ƙarewa ne a launin shunayya. Gaba da shi akwai wani haske da masana ke kira ultrabayolet, wanda idon mutum ke tacewa kafin ya isa ciki. Mutum na da nau'i uku na ƙwayoyin gane launi, galibin tsuntsaye kuwa huɗu gare su, kuma na huɗun ne ke kama wannan haske.

Sai dai tsuntsaye ba su yi daidai a wannan baiwa ba. Kaza da tattabara da shaho, waɗanda kowane yaro a Toranke ko Ajingi ya sani, gefen hasken kawai suke tsinkaya. Aku da yawancin ƙananan tsuntsaye masu waƙa su ne suka yi nisa a cikinsa.

Amfanin da ya fi tabbata shi ne zaɓen abokin barbara. A 1996 masana a Jami'ar Biristol ta Ingila sun sanya gilashi mai tare wannan haske tsakanin maza da matan wani ɗan tsuntsun Ostireliya, sai matan suka karkata ga mazan da hasken ke bayyana a gashinsu. Shekara guda bayan haka aka ga makamancin wannan a wata 'yar uwar shaya da ke Turai. Ke nan ƙyallin shayar da manomin Gaya ke gani a kan dawa wataƙila wani ɓangare ne kawai na adonta. Akwai ma tsuntsayen da mutum ba ya bambance namiji da tamata, alhali su a wurinsu bambancin a fili yake.

Hasken na taimakawa wajen neman abinci, domin ɓawon wasu 'ya'yan itatuwa na mayar da shi, ganye kuwa na shanye shi.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne ya fi rauni. A 1995 wani bincike a Finlan ya ce wani ƙaramin shaho na gano ɓerayen daji ta ƙyallin fitsarinsu. A 2013 masana a Jami'ar Lund ta Suwidin suka auna idanun tsuntsaye mafarauta, suka tarar suna tace mafi yawan hasken, abin da ya jefa wancan bayani cikin shakka.