Biyan kuɗi ta salula: yadda waya ke ajiye lissafi, da abin da ya rage mutum ya rubuta da kansa

A Kurni da sauran garuruwan yankin Matameye, kuɗi masu yawa yanzu ta waya suke shigowa, ta waya kuma suke fita. Ɗa yana Agadas ko Kano ko Aljeriya ya turo na hatsi. Mai lambu ya sayar da rake, ɗan kasuwa ya biya shi ta salula. Sai ƙarshen wata a zauna ana tambaya: to, ina kuɗin suka shiga? Sau tari nan ne zargi ke farawa tsakanin wa da ƙane. Ga bayani a kan shaidar da waya ke ajiyewa da kanta, da yadda za a cike abin da ta bari.

Hanyoyin biya guda uku

Ta farko ita ce ta kara waya a jikin na'urar mai kanti. Ana kiran fasahar NFC, kuma sai wayar ta kusanci na'urar da kamar santimita 4 kafin su gaisa. Kamfanin Apple ya fito da Apple Pay a 2014, Google ma yana da tasa. Ƴan uwa da ke Faransa, Amurka ko Saudiyya sun saba da ita, amma a kasuwanninmu ba a cika ganinta ba, don tana son katin banki da na'ura ta musamman.

Ta biyu ita ce asusun da ke cikin layin waya: Airtel Money, Moov Money da aka fi sani da Flooz, da Zamani Cash na kamfanin da ya gaji Orange. Irin wannan tsari ya yi suna ne daga Kenya, inda M-Pesa ta fara a 2007. A Nijar an san shi tun zamanin Zap na kamfanin Zain, kafin Airtel ta saye shi a 2010. Ƙaramar waya ma tana yi, ba sai da intanet ba.

Ta uku ita ce ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana da Al Izza, waɗanda ke da gishe a garuruwa, wasunsu kuma da manhaja a babbar waya, kamar MyNita. Masu ƙetara iyaka ta Ɗan Barto zuwa Daura da Mai'aduwa kuma sun san OPay, Moniepoint, PalmPay da masu POS, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023.

Yadda lissafi ke rubuta kansa

Duk biyan da aka yi ta waya yana barin sawu. A manhajar kamfani akwai shafin tarihi, inda ake ganin abin da ya shiga da abin da ya fita, da rana da lokaci. A ƙaramar waya kuwa, saƙon da ke zuwa bayan an gama aiki shi ne rasit.

Akwai kuma manhajojin lissafin kashe kuɗi da ke tattara wannan sawu wuri guda. A wayoyin Android, wasunsu na karanta saƙonnin banki ko na kamfanin waya, su ciro adadin, su jera shi da kansu. A iPhone, tun fitowar iOS 17 a 2023, ana iya saita wayar ta yadda duk lokacin da aka kara ta aka biya, sunan kanti da adadin kuɗi za su faɗa cikin jadawali. A ƙasashen Turai wasu manhajojin na haɗuwa da asusun banki kai tsaye, da izinin mai shi.

Sai dai a lura: yawancin waɗannan manhajoji an tsara su ne don saƙonnin bankunan wasu ƙasashe. Kafin a dogara da ɗaya, a gwada ta mako guda, a kwatanta abin da ta rubuta da saƙonnin da ke cikin waya.

Karanta saƙon

Saƙonnin kamfanonin Nijar galibi da Faransanci suke zuwa. Kalmomi kaɗan ne ya kamata kowa ya riƙe, ko ya sa ɗan lakkwal ya nuna masa. Montant shi ne adadin da aka tura. Frais shi ne ladan kamfani. Solde shi ne abin da ya saura a asusu. Akwai kuma wata doguwar lamba mai haɗe da haruffa, lambar shaidar aikin. Idan kuɗi suka maƙale ko aka tura wa wanda ba shi ba, ita za a fara tambaya a ofishin kamfani. Don haka kar a goge saƙon kuɗi don wai waya ta cika. A goge na talla.

Dala a baki, sefa a waya

Nan ne kuskure ya fi yawa. Mu da dala muke ƙirga, waya kuma da sefa take rubutawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Dala ashirin ita ce 100, dala ɗari 500, jika ɗaya 1.000, dala ɗari biyar 2.500, dala dubu kuma 5.000, wato jika biyar. In tsohuwa ta ce wa jikanta da ya tashi a Kano ya turo mata ɗari biyar, shi kuma ya danna 500, to kashi ɗaya cikin biyar na abin da take nufi ya aiko. Dokar mai sauƙi ce: abin da aka faɗa da dala a ninka shi sau biyar kafin a danna, abin da aka gani a waya a raba shi biyar kafin a faɗa wa mai ƙirga da dala.

Abin da waya ba ta rubutawa

Waya ta san nawa ne, yaushe ne, kuma wace lamba ce ta karɓa. Dalilin biyan kuwa ba ta san shi ba. Jika goma da suka je lambar wani mai kanti, na takin zamani ne ko biyan tsohon bashi? Mai wayar kaɗai ya sani, kuma bayan wata biyu shi ma zai iya mantawa.

Haka nan da zarar an cire kuɗi a wurin wakili sun koma tsaba, sawunsu ya ɓace. Cefane, kuɗin kabu-kabu, niƙa, zubin adashi, gudummawar biki da suna, duk ba za su fito a tarihin waya ba. Canjin sefa zuwa naira a hannun ɗan canji ma ba ya fitowa, ga shi farashin na sauyawa. Ga kuma gidan da mutum biyar ke karɓar saƙo ta layi ɗaya: waya na ganin kuɗin duka na mutum guda ne.

Littafi ɗaya ya isa

Maganin wannan giɓi bai wuce ƙaramin littafi irin na ƴan makaranta ba. A ja layi biyar: rana, adadi da sefa, shiga ko fita, dalili, sai haruffa huɗu na ƙarshen lambar shaida. A rubuta da boko ko da ajami, duk wanda hannu ya fi sabawa da shi. Ladan kamfani a ba shi layinsa daban, don shi ne ke sa lissafi ya ƙi cika ba a san dalili ba. Ranar da aka yi canji a rubuta farashin ranar. Sau ɗaya a mako a duba solde a kwatanta da littafi. Wanda bai iya rubutu ba yana iya aika wa kansa ko wani amintacce saƙon murya a WhatsApp nan take.

Tsaro

Manhajar da aka ba izinin karanta saƙonni tana ganin komai, har da lambobin tabbatarwa na lokaci ɗaya. Kar a sauke wadda aka turo ta WhatsApp. A ɗauko daga Play Store, a duba sunan kamfanin da ya yi ta. Manhajar lissafi ba ta da abin yi da lambar sirri, duk wadda ta nema a goge ta. Akwai kuma saƙon ƙarya mai cewa kuɗi sun shigo, sai wani ya kira yana roƙon a maido masa. Kafin a tura ko a ba da kaya, a duba solde da kai. In waya ta ɓata, a gaggauta sanar da kamfani a rufe layin.

Ga ƴan uwa na nesa

Mai aikowa ya faɗi adadin da jika da kuma lambobi, ya faɗi wa zai ɗauki ladan cirewa, ya bayyana rabon: kaza na hatsi, kaza na magani, kaza na Inna. Ya ɗauki hoton rasit ya tura wa mutum biyu a gida. Mai karɓa shi ma ya maido da hoton shafin littafi a ƙarshen wata. Wannan kariya ce ga wanda aka ɗora wa amana, don ranar da aka tambaye shi yana da abin nunawa. Masu tambaya a kan asusunsu su je ofishin kamfani ko wurin wakilin da aka sani, su tafi da katin shaida da wayar da saƙon ke ciki.