Damagaram daga 1898 zuwa 1906: muryar wa muke ji cikin takardun tarihi?

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ke son rubuta tarihin Damagaram a yau ya fi na da samun sauƙi. Littattafan da a da sai an je Paris kafin a gan su, yanzu ana buɗe da yawa daga cikinsu ta kwamfuta, musamman tun da babban ɗakin karatu na Faransa ya buɗe taskarsa mai suna Gallica a shekara ta 1997. Wannan ci gaba ne. Sai dai akwai abin lura: takardun da suka fi saurin isowa hannunmu ta wannan hanya, galibinsu na waɗanda suka ci ƙasar ne da yaƙi. A cikin wannan ƴar maƙala za mu ɗauki al'amura biyu na tarihin Zinder, watau kisan kaftin Cazemajou a 1898 da tuɓe sarki a 1906, domin mu nuna abin da ke faruwa idan an dogara ga shaida guda, da kuma abin da ya rataya a wuyan jami'o'inmu.

2. Inda takardun suke

Shaidun tarihin Damagaram a warwatse suke. Rahotannin mulkin mallaka suna ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Yamai, wasu suna Dakar inda hedkwatar Afirka ta Yamma ta Faransa take a da, wasu kuma suna Aix-en-Provence, na soja suna Vincennes. Duka da Faransanci aka rubuta su.

A ɗaya ɓangaren akwai abin da jami'a ke riƙe da shi. Cibiyar IRSH, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami mai ɗauke da kundi kimanin 4000. Bubu Hama ne ya kafa harsashin wannan taska tun yana shugaban majalisar dokoki. Akwai kuma CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968 domin tattara tarihin baka. Bayan waɗannan, akwai abin da bai shiga kowace ma'ajiya ba: takardun da ke gidajen malamai da na zuriyar fatake a Birni da Zango, da abin da makaɗan fada da tsofaffi suka riƙe da ka.

Bambancin a fili yake. Kashin farko yana da lamba, da jadawali, da kwanan wata. Kashi na biyu kuwa sai an yi tattaki, an nemi izini, an iya karatun hannun malaman da.

3. Al'amarin 1898

Kaftin Cazemajou ya iso Zinder a watan Afrilu na 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Ran 5 ga Mayu aka kashe shi tare da tafintansa Olive. A rubutun Faransawa na lokacin, labarin na cin amana ne: baƙo ya zo da lumana, aka hallaka shi. Da wannan hujja aka ɗauki fansa. A ƙarshen Yuli na 1899 ragowar rundunar Voulet da Chanoine ta karya dakarun Damagaram a Tirmini, ta shiga gari. A watan Satumba aka kashe Kuran Daga, kuma barikin da aka gina aka sa masa sunan Cazemajou.

Amma in muka tsaya a ƙofar fada muka dubi al'amarin, tambayar sai ta sake. Tun 1893 Rabe ya ci Barno, wadda Damagaram ta daɗe tana bi, ya zauna a Dikwa. Cazemajou kuwa gabas ya nufa, wajen Rabe. Sarkin da ya gaji ganuwa da bindigogin Tanimun, yana kuma cikin yaƙi da Kano, me zai gani ga Nasaran da ke shirin ƙulla zumunci da babban abin tsoronsa? Ga kuma fataken hanyar Tarabulus, waɗanda arzikinsu ya dogara ga cinikin hamada. Ba muna wanke kisan ba ne. Abin da muke cewa shi ne yana da dalili na siyasa, kuma wannan dalili ba ya fitowa sosai sai an haɗa rahoton soja da abin da mutanen gari suka riƙe. Aikin da André Salifou ya yi ke nan cikin littafinsa kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a jerin Études nigériennes a 1971, haka ma Roberta Dunbar a kundin digirinta na 1970. Dukansu sun tarar da tsofaffin da iyayensu suka ga zamanin. Mu ba za mu ƙara tarar da su ba.

4. Al'amarin 1906

Misali na biyu ya fi wuya. A farkon 1906 hankalin Nasara a tashe yake: ga tawayen Kobkitanda kusa da Doso, ga na Satiru kusa da Sakkwato inda aka kashe Turawan Ingila a watan Fabrairu. Cikin wannan hali aka zargi Sarki Amadu ɗan Bassa, wanda Faransawa da kansu suka naɗa a 1899, da shirya makirci don hallaka Nasaran Zinder. Aka tuɓe shi, aka kai shi Kodibuwa tare da wasu manyan gari, ciki har da attajirin nan Malam Yaro. Aka danƙa gari ga Ballama, bawan fada, kuma sarauta ba ta koma gidanta ba sai a 1923.

Kusan duk abin da aka rubuta a lokacin, daga hannun masu ƙara ya fito. Wanda ake tuhuma ya yi magana da Hausa ko Barbarci, tafinta ya juya, hafsa ya rubuta abin da ya ga ya dace. Ashe maganar ta bi ta baki biyu kafin ta iso takarda, kuma kowane baki yana da abin da yake karewa. Tafinta ma ɗan siyasar gari ne, yana da abokai da maƙiya a fada. Saboda haka kundin shari'ar yana faɗa mana tsoron Nasara da rikicin cikin fada fiye da yadda yake faɗa mana niyyar sarki.

Wannan ya shafi har littafin da muke yawan dogara gare shi. Bayanin tarihi da Landeroin ya rubuta cikin takardun tawagar Tilho, wanda aka buga a 1911, daga bakin dattawa ya samo shi. Amma tawagar ta yi aikinta tsakanin 1906 da 1909, watau jim kaɗan bayan an ga yadda aka yi da sarki. Dattijon da ke amsa tambayar hafsan Faransa a irin wannan lokaci, ya san abin da ake faɗi da abin da ake haɗiyewa. Mai karanta Landeroin ya kamata ya riƙa tuna shekarar da aka yi hirar.

5. Nunin takardu ta intanet

Nunin tarihi ta intanet yana da wani ƙarfi da littafi ba shi da shi: yana iya jera shaidu biyu kafaɗa da kafaɗa. Ana iya ajiye rahoton soja a hagu, wasiƙar Larabci ko muryar dattijo a dama, mai kallo ya gwada da kansa. Haɗarinsa kuwa shi ne ya kan cika da abin da ke da hoto. Hafsoshi sun zo da na'urar ɗaukar hoto, suna da taswira. Kuran Daga ba ya da su. In ba a yi hattara ba, nunin zai zama tarihin Faransawa a Zinder, alhali an ce tarihin Zinder ne.

Muna ganin sharuɗɗa huɗu sun wajaba. Na ɗaya, kowace takarda a faɗi wanda ya rubuta ta, da wanda aka rubuta wa, da harshen da aka fara maganar. Na biyu, a fara ceton abin da ya fi saurin lalacewa, watau kasat-kasat na hira da tsofaffi da takardun gidaje, waɗanda zafi da gara da ƙura ke ci. Littafin da aka buga a Paris yana da kwafi a wurare da dama, kasat kuwa sau da yawa guda ce tak. Na uku, a yi bayanin da Hausa tare da Faransanci, kuma a sa sunaye yadda mutane ke faɗinsu, don wanda ya nemi Kuran Daga ya same shi. Na huɗu, takardar gida ta masu gida ce: a ɗauki hotonta da yardarsu, a bar musu asali, a ba su kwafi.

6. Kammalawa

Tun 2010 Zinder da Maraɗi da Tawa kowace tana da jami'arta, ta Zinder ma sunan André Salifou take ɗauke da shi. Ɗalibinta ba zai fi na Paris kusa da Aix-en-Provence ba, amma ya fi kowa kusa da Birni, da Tirmini, da zauren malamin da kakansa ya rubuta wa sarki wasiƙa. A nan gudummawarsa take. Abin da ya rage ga sassan tarihi shi ne su koya masa karatun Ajami da Larabcin wasiƙu kamar yadda suke koya masa karatun rahoton kwamandan, kuma su tanadi wurin ajiye abin da ya samo, kada ya ɓace da zarar ya kare kundinsa.