Agbayun: Itacen da ke mayar da tsami zaƙi, da sharuɗɗan nomansa a yammacin Zamfara

Agbayun sunan da Yarabawa ke kiran wani ɗan gajeren itace ne da masana tsirrai suka yi wa laƙabi da Synsepalum dulcificum. Asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma ne masu yawan ruwan sama, irin na Ghana da Benin da kudancin Nijeriya, kuma danginsu ɗaya da kaɗanya. 'Ya'yansa jajaye ne, ƙanana, kowanne da ƙwallo ɗaya a ciki.

Shi kansa ɗan itacen ba shi da wani zaƙi. Sai dai yana ɗauke da sinadarin mirakulin, wanda ke maƙalewa a sassan harshe masu jin zaƙi. Da zarar abu mai tsami ya taɓa harshen, sai mutum ya ji lemon tsami ko tsamiya ko zoɓo kamar an zuba musu sukari. Tasirin kan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda.

Wani Bafaranshe, Chevalier des Marchais, ya ga mutanen gaɓar Afirka ta Yamma suna tauna shi kafin cin abinci a 1725. A 1968 masana suka ware sinadarin. A 1974 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta taka wa yunƙurin sayar da shi a madadin sukari birki, yayin da Tarayyar Turai ta amince da busassun 'ya'yan a matsayin abinci a 2021.

Nomansa a Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa sai da ɗawainiya. Itacen na son danshin iska da inuwa-inuwa da ƙasa mai tsami, ita kuwa daminar yankin gajera ce, ga hunturu mai busar da ganye, ga zafin bazara. Ko a fadamun Gummi, ruwan da ke kwanciya na iya ruɓar da saiwarsa. Hanyar da ta fi dacewa ita ce raino cikin tukwane a ƙarƙashin rumfa, ana ban ruwa da ruwan sama, ba a kusantar da toka ko kanwa, domin suna kashe tsamin ƙasa. Ƙwallon ba ya jure bushewa, dole a shuka shi ɗanye, kuma sai bayan shekara 3 zuwa 4 itacen ke fara 'ya'ya.

Akwai kuma batun inda za a ɗebo ƙasar. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ta yi sanadin mutuwar yara sama da 400, kuma tsami na ƙara narkar da dalmar da ke cikin ƙasa. Don haka wajibi ne a gwada duk ƙasar da ta fito daga kusa da wuraren niƙa duwatsun zinariya kafin a dasa komai a cikinta.